Shinzo: gumakan itacen Japan da aka sassaƙa don a ɓoye

A gidajen tarihi na Amurka da Turai, a ɓangaren kayan Japan, akan ci karo da wani ɗan gunkin itace cikin akwatin gilashi, tsayinsa taƙi ɗaya ko biyu. Wani lokaci namiji ne a zaune, da doguwar hula irin ta fadawa, ya haɗe hannuwa a ƙirji cikin hannun riga. Wani lokaci mace ce, gashinta ya rabu biyu ya zubo kan kafaɗu. Fuskar ba fara'a, ba fushi. Daga ƙirji zuwa ƙasa kuwa sai ka ce masassaƙin ya gaji ya ajiye gizago: gwiwoyi ba su fito sosai ba, ƙafafu babu su, ga wata tsaga ta taso daga ka har gindi. A gefensa ga gunkin Buda yana walƙiya da ruwan zinariya, kowane yatsa an fitar da shi, kowane ninkin tufa an bi shi da haƙuri. Mai wucewa sai ya yanke hukunci nan take cewa wancan aikin gwani ne, wannan kuwa na ɗan koyo. Ya yi kuskure. Tsofaffin irin wannan gunki sun fito ne daga hannun masassaƙan da suka ƙware a aikin gumakan Buda, kuma abin da ya ga kamar kasala yana da dalili.

Japanawa na kiran irin wannan gunki shinzo, wato siffar kami. Kalmar kami tana ba masu fassara wahala. Ba ta nufin Mahalicci ɗaya kamar yadda mu muka sani, kuma kami ba su ƙirguwa. Akwai na dutse, na kogi, na tsawa, na shinkafa, akwai kakannin dangi, akwai mutanen da suka mutu da ƙullin zuciya aka ji tsoron fushinsu aka gina musu wurin bauta. Idan za a kusanto da abin, ya fi kama da iskokin da mutanen dā suke cewa suna zaune a kuka ko tsamiya, sai dai a Japan abin ya samu fada da hukuma da gine-gine. Wurin bautar kami shi ake kira jinja, kuma a yau akwai kusan 80,000 a ƙasar.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, a farkon al'amari ba a yi wa kami siffa ko kaɗan. Ana ɗauka cewa yakan sauko ne ya zauna a wani abu: dutse, bishiya, takobi, madubi. Wannan abin shi ake kira shintai, jikin kami. Har gobe jinjar Omiwa da ke yankin Nara ba ta da babban ɗakin ajiye shintai, domin dutsen Miwa da ke bayanta shi ne jikin, mutane suna fuskantarsa su sunkuya. A Ise, wadda ita ce gaba da kowace jinja a daraja, abin da ke wakiltar Amaterasu, kamin rana kuma kakar gidan sarauta, madubi ne. To mutanen da suka wadatu da dutse da madubi, me ya kai su ga sassaƙa fuska?

Baƙo ne ya kawo musu. A ƙarni na 6, a shekarar 538 ko 552 gwargwadon littafin da aka bi, sarkin Baekje da ke Koriya ya aika wa Sarki Kinmei na Japan kyautar gunkin Buda da littattafan addininsa. Fada ta rabu biyu. Gidan Soga suka ce a karɓa, ai ƙasashen da ke yammacinsu duk sun karɓa. Gidan Mononobe suka ce idan aka yi wa kamin baƙi sujada, kamin gida za su yi fushi. A lura da yadda suka ɗauki Buda: wani kami ne daga waje. Da annoba ta ɓarke sai aka ɗora wa baƙon laifi, aka jefa gunkin a magudanar ruwa ta Naniwa. Rigimar ba ta mutu ba sai a 587 da Soga suka murƙushe Mononobe a fagen yaƙi. Daga nan haikalan Buda suka yi ta tashi, da masassaƙa da maƙera da masu fenti da suka zo daga Koriya da Sin. Mutum ya shiga haikali ya ga abin bauta da ido da hanci yana dubansa, ya koma jinja ya tarar da ƙofa a rufe.

Duk da haka sai da aka yi kusan shekara ɗari biyu kafin a ji labarin gunkin kami a rubuce. Labarin da masana suka fi kafa hujja da shi na jinjar Tado ne, a jihar Mie ta yau. Takardun wurin sun ce a 763 kamin Tado ya hau kan wani mutum ya yi magana, ya ce ya daɗe yana tara zunubi, zamansa kami ma sakayya ce, yana so ya rabu da wannan jiki ya bi tafarkin Buda. Wani malamin Buda mai suna Mangan ya gina masa ɗan ɗaki ya yi masa siffa. Wannan labari shi ne mabuɗin fahimtar shinzo. Wanda ya fara yi wa kami fuska malamin Buda ne, kuma ya yi ne don ya shigar da kamin cikin tsarinsa, ya zama almajiri mai neman tsira kamar kowa. Kafin nan ma Hachiman, kamin Usa da ke tsibirin Kyushu, ya riga ya nuna hanya. A 749, ana cikin aikin katafaren Budan tagulla na haikalin Todaiji a Nara, aka sanar cewa Hachiman ya yi alkawarin taimakon aikin, aka ɗauko matar da yake magana ta bakinta a kujerar ɗauka irin ta sarakuna har birnin. Kafin ƙarshen ƙarnin an ba shi laƙabin Daibosatsu, wanda muƙami ne na addinin Buda.

Shi ya sa idan ka dubi tsofaffin shinzo da suka rage, waɗanda galibinsu na ƙarni na 9 ne, za ka iske Hachiman da aski ƙwal da mayafin malaman zuhudu. Misali mafi kyau yana hannun haikalin Yakushiji a Nara, gumaka uku da aka sassaƙa tsakanin 889 da 898. Babu wanda ya kai santimita 40 a cikinsu. Hachiman yana tsakiya, kumatu cike, kai a aske, ka rantse wani malamin haikali ne ya zauna hutawa. Mata biyu suna gefensa, ana ce da su Sarauniya Jingu da Nakatsuhime, masu ƙiba, gashi ya kwanta a baya da kafaɗa, kuma har yanzu ana ganin sauran launin adon tufafinsu. Ƙanana ne, amma nauyin zamansu ya fi girmansu. Haikalin Toji a Kiyoto yana da nasa ukun da suka girme waɗannan, su kuma kusan girman mutum. Sai na jinjar Matsuo, can yammacin Kiyoto, wadda masu dafa giyar shinkafa suke ɗauka tasu ce: maza biyu da mace ɗaya. Dattijon cikinsu ya haɗe gira, ya tsuke baki, yana riƙe da ɗan allon fadawa, kallonsa irin na alƙalin da ya gama jin ƙara bai ji daɗin abin da ya ji ba. Gumakan Buda yawanci tausayi suke nunawa. Kami kuwa abin tsoro ne kafin ya zama abin ƙauna, yana iya saukar da fari ko annoba idan aka saɓa masa, kuma masassaƙin Matsuo bai ɓoye wannan ba.

Yanzu mu koma kan tsagar nan da gwiwoyin da ba su fito ba, don a nan gizo ke saƙa. Duk masassaƙin turmi ya san gungumen da aka bar masa zuciyarsa yakan dare idan ya bushe, saboda bayan itace yana riga cikinsa bushewa, ya tsuke, ya tsage. Masassaƙan Japan sun san haka sarai. Dabarar farko da suka yi ita ce su rarake gunkin ta baya su kwashe cikinsa. Daga baya suka koma harhaɗa guntayen katako da yawa, kowanne an rarake shi, a haɗa su zama gunki ɗaya marar nauyi wanda ba ya darewa. Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Jocho, mai Budan haikalin Byodoin na 1053, ginin da hotonsa ke kan kwabon yen goma. Amma a daidai lokacin da gumakan Buda suka koma wannan sabuwar hanya, yawancin shinzo suka tsaya kan gungume ɗaya, sau da yawa ba a rarake shi ba, da zuciyarsa da ƙullinsa da karkacewarsa.

Wannan ba rashin sani ba ne. Itacen da ake zaɓa sau da yawa ba na kasuwar katako ba ne. Bishiya ce da aka riga aka ɗauka akwai kami a cikinta, wadda ta tsufa a harabar jinja, ko tsawa ta fāɗa mata, ko ruwa ya kawo ta. A wurin mai katako wannan itace marar kyau ne. A wurin masu jinja shi ne ainihin abin. Binciken da aka yi wa gumakan Toji ya nuna cewa daga bishiya ɗaya aka fitar da su, wadda cikinta ya riga ya ruɓe tun kafin a sa mata ƙarfe. Haikali mai ƙarfin Toji, da gidan sarauta a bayansa, ba zai rasa lafiyayyen katako ba. Sun zaɓi ruɓaɓɓen ne da gangan. Idan kuwa itacen shi ne mazaunin kami, to rarake cikinsa kamar korar mai gida ne daga ɗakinsa, kuma liƙa masa wani katako daga waje don a fitar da gwiwa gauraya ce. Sai masassaƙi ya tsaya iyakar faɗin gungumen. Inda itace ya ƙare, nan gwiwa ta ƙare. Hannuwa a cusa su cikin riga, a huta da liƙa yatsu. Da tafiya ta yi nisa, a ƙarni na 11 da na 12, sai shinzo suka ƙara ƙanƙancewa suka ƙara sauƙi, har wasu suka zama kamar turke mai kai da fuska. Ni a ganina waɗannan na baya, da masu tara kayan tarihi a da suke rainawa, su suka fi faɗin gaskiyar abin: bishiya ce aka ɗan buɗe mata ido.

Itatuwan da aka fi amfani da su sun haɗa da hinoki, mai ƙamshi da saurin karɓar wuƙa, da wani itace da Japanawa ke kira kaya, da bishiyar kafur wadda ƙwari ba sa so. A wasu gumakan, musamman na gabashin ƙasar, akan bar sawun ƙarfe a jere a jikin itacen ba a goge ba, kamar an kama siffar tana cikin fitowa.

Tufafin ma suna da labari. Buda yana da ƙa'idojin siffa da aka rubuta tun daga Indiya: yadda kunne zai yi tsawo, yadda yatsu za su lanƙwashe, abin da kowane zai riƙe. Wanda ya san ƙa'idar zai dubi gunki ya faɗi sunansa. Kami ba su da irin wannan littafi. Da aka tashi yi musu siffa sai aka ɗauko mafi girman mutanen da ido ya sani, wato mutanen fada. Namiji ya sa hular kanmuri ya riƙe shaku, siririn allon da fadawa ke riƙewa a gaban sarki. Mace ta sa tufafin matan fada, da farko irin na ƙasar Sin, daga baya irin na gida. Akwai masu siffar malamin zuhudu, akwai masu siffar yaro. Matsalar da wannan ya haifar ita ce gumakan sun yi kama da juna ƙwarai. Abin da ke bambanta wannan dattijo mai hula da wancan shi ne jinjar da yake zaune a ciki. Ka fitar da shi daga can, sunansa ya ɓata. Dalilin ke nan da ya sa a gidajen tarihi za ka ga an rubuta kami namiji ko kami mace kawai, an yi shiru.

Kuma su masu jinja ba su damu a gane shi ba, domin ba a yi shi don kallo ba. Da zarar an gama sassaƙa an yi bikin shigar da ruhi, sai gunkin ya shige can ƙuryar ɗaki, bayan ƙofa da labule, wani lokaci a nannaɗe cikin ƙyalle a cikin akwati. Mai ziyara yana tsayawa a waje ne, ya jefa kwabo, ya sunkuya sau biyu, ya tafa sau biyu, ya sake sunkuyawa, ya tafi. Akwai masu hidimar jinja da suka gāji aikin iyaye da kakanni, suka tsufa suka mutu ba su taɓa buɗe akwatin ba. A Ise, inda ake sake gina ɗakin bauta duk shekara 20, kuma na baya-bayan nan shi ne na 2013, ana ƙaurar da madubin ne da dare, a kashe fitilu, a kewaye masu ɗauka da farin labulen siliki. Wannan ɓoyo ya yi wa ilimi illa, don har yau ba a gama sanin adadin shinzo da ke ƙasar ba, kuma lokaci-lokaci akan gano tsofaffi idan an tashi gyaran rufin wata jinjar ƙauye. Amma ya yi wa wasu gumakan rana, waɗanda duhu ya tsare musu launi.

Babban misali shi ne Hachiman na Kaikei. A 1180 mayaƙan gidan Taira suka ƙone Todaiji, da aka zo sake gini sai Kaikei, ɗaya daga cikin manyan masassaƙan zamanin Kamakura, ya yi sabon Hachiman a 1201. Wannan ya karya duk abin da na faɗa a sama, don haka ya kamata a ambace shi. An harhaɗa shi ne, cikinsa a rarake, har an rubuta sunayen waɗanda suka sa hannu a aikin da tawada a ciki. Yana zaune kan furen bado kamar Buda, da sandar malamai a hannun dama, fuskarsa da tamoji kamar hoton wani mutum da aka sani. Launinsa kamar bara aka shafa. Ranar 5 ga Oktoba kaɗai ake buɗe shi a shekara. Haka gunkin Tamayorihime na jinjar Mikumari a Yoshino, na 1251, mace mai tufafin fada da idanun da aka yi da dutse mai garai-garai. A wannan zamani an riga an kafa koyarwar da ake kira honji suijaku, wadda ta ce kowane kami sawun wani Buda ne da ya bayyana a Japan da kamar 'yan ƙasa. Amaterasu aka haɗa ta da Dainichi, Hachiman da Amida. Haikali da jinja suka zauna a haraba ɗaya, malaman Buda suna karatu a gaban kami, aka shafe kusan shekara dubu a haka.

To yaya aka yi abin da aka ɓoye haka ya ƙare a akwatin gilashi a Boston ko Landan, ko a teburin gwanjo? Ruwa ba ya tsami banza. A 1868 sabuwar gwamnatin Meiji, wadda ke son ta gina ƙasa kan darajar sarki a matsayin jikan Amaterasu, ta ba da umarnin raba kami da Buda. Aka hana kiran Hachiman da Daibosatsu, aka ce a fitar da duk wani kayan Buda daga jinja. Takardar ba ta ce a ƙona ba, amma waɗanda suka daɗe suna jin haushin malaman haikali suka samu dama. Cikin 'yan kwanaki wasu masu hidimar jinjar Hiyoshi, a gindin dutsen Hiei, suka shiga da mutanensu suka kwaso gumaka da littattafai suka cinna musu wuta. A Nara malaman haikalin Kofukuji suka ajiye mayafinsu suka koma ma'aikatan jinjar Kasuga. Shinzo masu siffar malamin zuhudu suka shiga tsaka mai wuya: ga shi kami ne, ga shi da askin Buda. Hachiman na Kaikei ya tsira ne don an ɗauke shi daga jinjar Tamukeyama an mayar da shi cikin Todaiji. Waɗanda ba su da babban haikali a bayansu, wasu aka ƙona, wasu aka ɓoye a rufin gidaje, wasu aka sayar a banza, daidai lokacin da Turawa da Amurkawa suka fara shigowa da kuɗi da sha'awar kayan Japan.

Tsugune ba ta ƙare ba. A 1906 gwamnati ta sake fito da tsarin haɗe ƙananan jinjoji, a bar kusan ɗaya a kowace ƙaramar hukuma don a iya ɗaukar nauyinta. Kafin 1914 an rufe kusan 70,000. Jihohin Mie da Wakayama suka fi ji a jika. Masanin tsirrai Minakata Kumagusu ya yi ta faɗa da tsarin, don ya ga ana sare dazuzzukan jinjojin ana sayar da katako, har sai da aka tsare shi a 1910. Gumakan jinjojin da aka rufe aka tattara su a wadda aka bari, shi ya sa yau za ka iske jinja ɗaya da gumaka masu yawa a jibge, ba wanda ya san wanne ya fito daga ina. Wasu kuma ba su isa can ba. Doka ta biyo baya a hankali: ta kare tsofaffin haikalai da jinjoji a 1897, sannan babbar dokar kayan al'adu ta 1950, wadda gobarar haikalin Horyuji ta 1949 ta tunzura. A ƙarƙashinta duk abin da aka yi wa rajista a matsayin dukiyar ƙasa ba ya fita sai da izini na musamman, sauran tsofaffin kaya kuma ana neman musu takardar hukumar al'adu da ke tabbatar da cewa ba sa cikin jerin.

Saboda haka wanda ya ga an tallata gunkin kami na zamanin Heian, wato daga 794 zuwa 1185, a intanet a farashin babur, ya kamata ya ja da baya. Na gaske na wannan zamani kaɗan ne a hannun 'yan kasuwa, kuma an san yawancinsu. Abin da ya cika kasuwa shi ne kayan zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, da na bayansa, kuma mafi yawansu ba daga ƙuryar jinja suka fito ba, daga gidajen manoma da 'yan tireda ne. Su ne Ebisu da Daikoku, tagwayen arziki. Ebisu yana dariya da sandar kamun kifi da ƙaton kifi a hammata. Daikoku, wanda asalinsa daga Indiya ne ya shigo ta hannun addinin Buda ya rikiɗe, yana tsaye kan ɗauri biyu na shinkafa da guduma a hannu da buhu a kafaɗa. Ana ajiye su a kanta kusa da murhu, hayaƙin shekara ɗari ya bi su ya mayar da su baƙi ƙirin. Ka ɗauki ɗaya a hannu, kunkunniya ta cike ramukan ido da baki, tana da kauri a sama da gaba inda hayaƙi ke bugawa, ƙasansa kuwa inda ya zauna kan kanta itace ne fari-fari. Waɗannan ba a ɓoye su ba, tare aka zauna da su, kuma ba laifi ba ne a so su. Laifin a kira su da sunan da ba nasu ba don a ninka kuɗi. A tsakanin nan akwai aikin Enku, malamin yawo da ya rayu daga 1632 zuwa 1695, wanda yake tsaga gungume ya fitar da Buda ko kami da sara kaɗan ya bar wa ƙauyen da ya kwana. An gano fiye da 5,000 na aikinsa, kuma saboda sauƙin salonsa masu jabu sun fi damunsa.

Tantance shekarun shinzo aiki ne mai wuya, kuma sauƙinsa ne ya jawo wahalar. Salon bai canza sosai ba, masassaƙin ƙauye a ƙarni na 17 yana iya kwaikwayon abin da ya gani na ƙarni na 12. Inda aka yi sa'a akwai rubutun tawada a ƙasa ko a baya mai ɗauke da shekara da sunan wanda ya sa aka yi. Inda babu, sai a koma ga irin itacen, da sawun ƙarfe, da fasalin hula. Gwajin kimiyya na auna shekarun itace yana taimakawa, amma ranar da bishiya ta daina girma yake faɗa, ba ranar da aka sassaƙa ta ba, kuma mai jabu mai wayo yana sayen tsohuwar azara daga rusasshen gini ya yi aikinsa. A nan ramukan ƙwari sukan tona asiri. Ƙwaro yana cin itace ne daga ciki, abin da yake bari a fata ɗan rami ne zagayayye inda ya fita. Idan ka ga doguwar hanyarsa a buɗe tana ratsa kumatun gunki mai santsi, to akwai alamar cewa wuƙa ce ta zo ta same ta, wato an sassaƙa ne bayan ƙwaro ya gama cinsa.

Tambayar da ta fi ta shekaru nauyi ita ce ta inda gunkin ya fito. Ƙauyukan Japan suna ta zama kufai, matasa sun tafi birni, tsofaffi suna ƙarewa, mai hidima ɗaya yana riƙe da jinjoji da yawa da ba ya iya zagayawa ko sau ɗaya a wata. Ɓarayi sun gane haka. Kuma ɓoyon da ya tsare gunki shekara ɗari takwas shi ne yake taimakon ɓarawo yau: ba hoto, ba awo, ba wanda zai iya gaya wa 'yan sanda kamanninsa, wani lokaci ma ba a san an ɗauke ba sai ranar bikin shekara. Dillalin da ya ce kaya ya fito daga wani tsohon gida, ya tsaya nan, bai faɗi komai ba. A jihar Wakayama, inda sace-sacen suka yi ƙamari a 2010 da 2011, gidan tarihin jihar ya haɗa kai da ɗaliban wata makarantar sakandaren fasaha. Suna auna gunki da na'ura, su buga kwafinsa da injin da ke fitar da abu da cikakkiyar siffarsa, ɗaliban jami'a su shafa masa launi har da tabon tsufa da tsagar. Na asalin, Buda ne ko kami, ya koma ɗakin ajiya na gidan tarihi inda ake kula da zafi da laima. Kwafin kuma ɗaliban su ɗauka da hannunsu su kai ƙauyen, su miƙa wa dattawan da suka rage. Sunan da ake kiransa da shi omigawari, wato wanda ya tsaya a madadin wani. Na roba ne, bai taɓa zama bishiya ba, kuma shi ake ajiye wa shinkafa da ruwa a gaba.